Rabon Hassana

"Sake ta, Mansura! Na ce ki saki ɗiyar ga!"

Muryar Inna Tambaya ce ta sa na ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Na ɗaga labule na leƙa tsakar gida. Mansura na zaune a kan tabarma, ta kwantar da 'yarta Hussaina a cinya ta matse ta da gwiwa, ta tara hannu ɗaya a bakinta ta toshe hanci, ɗayan hannun yana tuttula koko da ludayi. Ɗura take yi wa yarinya mai shekara biyar kamar jaririya. Kokon na dawowa ta gefen baki yana gangarawa cikin kunne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Hussaina ba ta kuka, ba ta ko shure-shure. Idonta a buɗe yake, tana kallon ƙofar zaure.

Inna ta taho tana dafa bango, tana jan kumburarrun ƙafafunta, numfashinta na fita da ƙara. Kafin ta iso Mansura ta saki yarinyar.

"To mi zan yi, Inna?" in ji Mansura. "Tun jiya biskit ɗaya ne cikinta. In zura ido ita ma ta mutu?"

Wannan "ita ma" ba a faɗarta a gidanmu. Mansura ta rufe baki da hannun da ke jiƙe da koko, ta dubi 'yarta. Hussaina ta tashi zaune, ta goge kunne da gefen riga, ta koma kallon zaure kamar ba ta ji komai ba.

Gidanmu gidan haya ne a Tudun Wada, nan Gusau, ɗaki uku da rijiya a tsakiya. Ni Hanatu ina ɗakin bakin zaure da kekena da yarana biyu, kuma a unguwa an san ni da abu biyu, ɗinki mai kyau da baki da ba ya shiru. Mansura da mijinta Attahiru, mai sarin hatsi a kasuwannin ƙauye, suna ɗakin tsakiya. Na ƙurya na Inna Tambaya ne, mutuniyar Bungudu, wadda ɗanta Garba ya kama mata ɗakin don ta zauna kusa da asibiti saboda ciwon zuciya.

Hussaina 'yar tagwaye ce. Ita da Hassana Mansura ta yi musu tarbiyyar da ni har hassadarta nake yi, don nawa yaran in an ajiye abinci kamar an watsa wa kaji tsaba. Su kuwa kwano ɗaya, kowace da gefenta, kuma ba mai sa hannu sai 'yar'uwarta ta zauna. Na sha ganin Hussaina ta ɗora hannu a gwiwa tuwo yana hucewa, don kawai Hassana ta shiga bayan gida.

Daminar bara zazzaɓi ya ɗauke Hassana cikin 'yan kwanaki. Da safen da ta cika, tsofaffin unguwa suka ce ba a barin 'yar tagwaye ta ga gawar 'yar'uwarta, wai sai ta bi ta. Aka goya Hussaina aka kai ta wani gida a bayan layi, sai yamma aka dawo da ita. Da ta tambaya, aka ce Hassana ta tafi Tsafe wurin Gwaggo, tana nan dawowa. Duk gidan muka riƙe maganar a haka, muna ganin yarinya ce, za ta manta.

Ba ta manta ba. Aka ajiye mata kwano, ta wanke hannu, ta zauna a gefenta, ta ɗora hannu a gwiwa. Haka ta yi ranar, haka ta yi washegari. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta miƙa mata biskit da alewa da lemon roba don tausayi, ta karɓa. Waɗannan a tsaye ake cin su, dokar kwano ba ta hau kansu ba. Da Attahiru ya ga abin da take karɓa ke nan, sai ya riƙa dawowa da leda cike daga shago. Shekara ta kusa zagayowa a haka. Haƙoranta suka fara baƙi, gashinta ya yi ja ya karye. Ni na fi kowa sanin inda abin ya kai, don ni ke mata ɗinki. Rigar sallarta ta bana, maimakon in ƙara a kan awon bara, ragewa na yi.

Duk ranar da Attahiru ya dawo daga kasuwar Tsafe, ba shi take kallo ba. Bayansa take leƙawa.

Bayan ranar ɗurar nan Inna ta karɓi yarinyar a hannunta. Dama tana da al'adarta tun da ta zo gidan. In an sauko daga azahar sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakinta, ta fito da faifai, yaran gida su kewaye ta. Wata rana dakuwa ce ta aya da gyaɗa wadda ta zaƙaƙa da dabino, wata rana dafaffen dankali, ko awara, ko ƙwai an raba biyu, ko kantun riɗi, ko yalo da gwaiba in lokacinsu ne. Kaɗan-kaɗan take ba su, yadda ba zai toshe wa tuwon dare hanya ba. Tana da dokoki kamar alƙali: a wanke hannu, a zauna, ruwan randa ake sha, kuma ledar shago ba ta hawa tabarmarta. Nawa yaran sun yi ta ƙunƙuni da farko, daga baya su ke tashin ta in ta yi gyangyaɗi.

Ta taɓa ajiye irin abin nan na shago mai launin ja da yara ke so, wanda ke ƙamas-ƙamas a baki, a kan taga har mako ya wuce. Ta kira ni ta nuna mini.

"Duba, Hanatu. Ko kiyashi bai taɓa shi ba. Abin da kiyashi ya ƙi, shi kuka ɗura ma ɗiyanku."

"Inna, ai kiyashin Gusau ne, sun waye," na ce. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Hussaina ba ta taɓa cin komai a tabarmar ba, don a zaune ake ci. Bayan ɗurar nan, sai Inna ta ja faifai, ta kasa dakuwa kashi biyu a gabanta, daidai wa daida.

"Wanga naki, wanga na Hassana. Ci naki, mu aje mata nata."

Yarinyar ta daɗe tana kallon kashin biyu.

"Za ta iske shi?"

"Ana aje mata," in ji Inna.

Hussaina ta ɗauki dunƙule ɗaya ta kai baki. Mansura da ke leƙe ta bayan labule ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka ba sauti. Da aka gama, Inna ta ƙunshe rabon Hassana a takarda, ta ba Hussaina ta kai da hannunta cikin wata tsohuwar kwalla mai furanni da ke ƙarƙashin gadon Inna. Daga ranar kullum haka ake yi. Na lura da abu ɗaya: duk tsawon lokacin ban taɓa jin sunan Tsafe a bakin Inna ba.

Yarinyar ta ɗan murmure. Idonta ya daina zurmawa, ta fara bin yarana da gudu zuwa rijiya. Amma kwano na nan yadda yake. Abin faifai take ci, tuwo da shinkafa kuwa sai Hassana ta zauna. Malamar asibitin da Mansura ta kai ta ta auna damtsenta ta ce da sauƙi, amma abin taɓawa ba ya riƙe yaro, sai ta koma cin abinci sosai.

A cikin makonnin nan ne na fara jin gidan wani iri, kuma da rana tsaka, ba da dare ba. Akwai shirun nan na bayan azahar, in maza sun fita, kaji sun lafe a gindin bango. Wata rana Inna na tsinke zogale a ƙofar ɗakinta, Hussaina ta zo ta tsaya a gabanta.

"Ku matsa, ku biyun ga, kun tare mani haske," in ji Inna, ba ta ko ɗago kai ba.

Idon tsohuwa ne, na sani, yana ganin abu ɗaya biyu. Amma Hussaina ba ta yi mamaki ba. Ta matsa gefe, sannan ta ƙara matsawa, ta bar fili a kusa da ita daidai zaman yaro ɗaya. Na koma ɗaki na yi ta taka keke ba tare da na sa zare ba.

Da jikin Inna ya ƙara nauyi ni na riƙa share mata ɗaki. Na tuna da kwallar nan, na ce ai yanzu ta cika da ruɓaɓɓen ƙwai da awara, gara in zubar kafin ta tara mana tsutsa. Na jawo ta na buɗe. Ba komai a ciki. Ko takarda ɗaya babu, sai ƙamshin gyaɗa. Inna ba ta da haƙoran tauna aya, likita kuma ya hana ta mai. Yarana na tsare su daga baya, suka rantse ba su taɓa ba, kuma na san fuskarsu in suna ƙarya.

"Inna, ina abin nan ka tahiya?"

Tana kwance, idonta a rufe.

"Ruhe, Hanatu. Ke komi sai kin buɗe."

Na rufe. Na ce ɓeraye ne, har yau ma haka nake cewa, ko da yake ban taɓa ganin ɓeran da ke mayar da murfin kwalla ba.

Kumburin ya hau har cikinta. Garba ya kai ta asibiti, suka dawo da ita da yamma, fuskarsa kawai na kalla na gane. Likita ya ce a kai ta gida ta huta. Washegari da hantsi sai ga shi da motar haya ta tsaya a ƙofar gida, ya shigo da buhu zai fara haɗa kayanta.

Ni na san abin da Bungudu take a wurin Inna. Ba ranar da ba ta ba ni labarin ɗakinta na can, da tsamiyar da ke ƙofar gida, da gulbi in ya kawo. Mijinta can yake kwance, da iyayenta, da 'ya'yanta uku da suka riga ta. Ta sha gaya mini ba abin da take roƙo sai Allah ya ɗauki ranta a ɗakin nan, ba a ɗakin haya ba. Don haka da na ji ta ce wa Garba ya ajiye buhun, na ɗauka zafin ciwo ne.

"Inna, mota na jira," ya ce.

"In kunka sa ni mota, mi za ku ce ma ɗiyar can?"

"Wace ɗiya?"

"Hussaina."

Garba ya dube ni, ya dubi uwarsa. "Sai a ce kin tahi Bungudu mana."

"Awo. Ɗaya ta tahi Tsafe, ɗaya ta tahi Bungudu. Sai ta zauna tana jiran mu biyu. Faifan ma ta bar taɓa shi."

"Haba Inna! Don ɗiyar wasu za ki ƙi gidanki? Ke da bakinki kinka ce in kai ki kusa da Baba."

"Na ce. Ƙasa duk ta Allah ce, Garba. Babanka ba shi jin yunwa. Sallami mai motar ga."

Ya yi magiya, ya yi fushi, har ya ce ni na zuga ta, ni da ban ce uffan ba, abin da ba a saba gani ba. Daga ƙarshe ya fita ya zauna a bakin rijiya, babban mutum da furfura a gemu, ya sa fuska cikin hula. Can na ji motar ta tashi ba kowa a ciki. Tausayinsa ya kama ni, don shi ma gaskiya gare shi.

Inna ta sa na kira mata Mansura da Attahiru. Suka durƙusa a gaban gado. Ta ce tana son izininsu ta gaya wa Hussaina gaskiya, kuma in ranar ta zo, kada a kai yarinyar ko'ina, a bar ta ta ga fitarta.

Mansura ta girgiza kai da ƙarfi. "Inna, an ce in ta sani bin ta za ta yi."

"Bin ta takai yanzu ma. Kama hannunta ki ji."

Attahiru na ta murza hularsa.

"Na sha ɗaukar niyya, Inna," ya ce a hankali. "In na dawo kasuwa ta leƙa bayana, sai bakina ya mutu. Ba ni iyawa."

"Nawa bakin na iyawa. Kawo ta."

Bayan azahar ne, hadari ya haɗu ta gabas amma ya ƙi sauka, ɗakin ya yi duhu kamar magariba. Ina tsaye a bakin ƙofa. Hussaina ta hau gefen gado ta zauna, ƙafafunta na lilo.

"Hussaina, tahiya zan yi," in ji Inna.

"Tsafe?"

"A'a. Inda Hassana take. Hassana ba ta Tsafe, ɗiyata. Ba ta taɓa zuwa ba. Rasuwa ta yi, Allah ya amshi abinsa. Ni ma ya kusa amsata."

Ƙafafun suka daina lilo.

"Za ki ga maza sun shigo," Inna ta ci gaba, tana tsayawa tana neman numfashi, "sun ɗauke ni bisa makara, an ruhe ni da farin ƙyalle. Ki duba da kyau. Haka anka ɗauki Hassana, ke ce ba ki gani ba. Wanda anka ɗauka haka ba shi dawowa cin tuwo. Ya gama ci."

Na jira kuka. Da ta yi kuka da na fi samun sauƙi. Sai ta juya ta kalli ƙarƙashin gado, inda kwalla take, sannan ta ce, "Ba a ci sai ta zauna."

Mansura ta rarrafo ta kama ƙafarta. "Ni na sa dokar, na janye ta. Ki ci, Hussaina, don Allah ki ci."

Yarinyar ba ta ko kalli uwarta ba.

"Ita ba ta ce in ci ba."

Inna ta ce, "To, in na isa sai in tambayo maki ita."

"Ƙaƙa za ki gaya mani?"

"Ki wanke hannu, ki zauna gaban kwanonku, ki yi shiru. Za ki ji."

Hussaina ta gyaɗa kai, ta sauka, ta fita abinta.

Da suka watse na matsa kusa da gado.

"Inna, a'uzubillahi, wace irin magana ce wannan? Mamaci ba shi aiko da saƙo. Kin cire ta daga wani jira kin sa ta wani."

"Na sani, Hanatu, ni ma na yi allo." Ta ɗan murmusa, leɓenta a bushe. "Ranar da anka ɗauke ni, kar kowa ya ba ta biskit, ko alewa, ko ruwan zaƙin nan. Ke za ki tsare, tunda ke ce mai baki. Da la'asar Mansura ta tuƙa tuwon masara, miyar zogale da gyaɗa, shi sunka fi so. A zuba a kwanonsu. Yaron da ya wuni bai ci ba, ya zauna shiru gaban tuwo mai zahi, cikinsa ka amsa mashi. Kar a ce mata ci. Kar a kalle ta."

"In bai amsa ba fa?"

Idonta ya wuce ni ya tsaya a bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaro. Na waiwaya da sauri. Labule ne kawai.

Ta yi 'yan kwanaki bayan nan. Faifai bai fasa fitowa ba, ni nake daka, ita take kasawa daga kwance, kashi biyu kamar kullum. Hussaina na cin nata, ta kai ɗayan kwalla. Ba ta ƙara tambayar Tsafe ba, kuma da ubanta ya dawo kasuwa ba ta leƙa bayansa ba. Amma kwano ko kallonsa ba ta yi, kuma ta rage magana har na fara tsoron ko tsofaffin unguwa ne ke da gaskiya.

Ranar wata Laraba da hantsi Inna ta ce in jiƙa aya. Na fita na jiƙa, na dawo in tambaye ta ko dabinon da ya rage zai isa. Garba na zaune a gefenta yana riƙe da hannunta, yana maimaita mata kalmar shahada. Na ga leɓenta ya motsa, sannan ya tsaya. Ban san ina son tsohuwar nan haka ba sai a lokacin.

Kafin azahar gida ya cika. Aka yi mata wanka aka haɗa ta. Wata tsohuwa daga bayan layi ta kama hannun Hussaina za ta fita da ita, wata kuma ta ciro biskit daga jaka. Nan bakina ya yi ranarsa. Na karɓe biskit ɗin na ce Hajiya a yi haƙuri, wasiyyar mamaciya ce, wanda bai ji daɗi ba ya same ni gobe. Attahiru ya shigo ya zare hannun 'yarsa daga na tsohuwar, ya tsaya da ita a gefen zaure, yana riƙe da kafaɗarta.

Maza suka shigo da makara. Suka fito da Inna a rufe da fari, ta zama 'yar ƙarama, kamar ba ita ce ke cika ƙofar ɗaki ba. Suka wuce ta gaban Hussaina, kusa har gefen likkafani ya kusa shafar fuskarta. Ta bi su da ido har suka fice. Sannan ta juya ta kalli ƙofar ɗakin ƙurya, inda silifas ɗin Inna ke ajiye gefe da gefe.

"Baba, ba ta sa takalminta ba."

"Ba a sawa," in ji Attahiru, da ƙyar.

"Hassana ma nata na ɗaki."

"Awo."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsar lissafi.

Da la'asar masu gaisuwa suka ragu, sauran suna ɗakina da na Mansura. Hadarin nan ya sake haɗuwa, iska ta ɗauke gaba ɗaya, ko ganyen zogalen bakin rijiya ba ya motsi. Mansura ta tuƙa tuwon. Ta ciro kwanon tagwayen daga inda take ajiye shi, wani farin kwano mai bakin shuɗi, ta zuba, ta ajiye a kan tabarmar Inna, ta koma bakin murhu ta juya baya kamar yadda aka ce. Ni na zauna a bakin ƙofata da wata riga a hannu ina warware ɗinkin da ba abin da ya same shi.

Hussaina ta je rijiya ta wanke hannu a bokiti. Ta zo ta zauna a gefenta na da, ta ɗora hannu a gwiwa.

Tururi na tashi. Ƙamshin miyar ya cika tsakar gida, ni da ke cikin makoki ma sai da cikina ya motsa. Na riƙa gaya wa kaina maganar Inna, cikinta zai amsa, cikinta zai amsa. Tururin ya fara raguwa. Saman tuwon ya fara yin fata. Mansura ta ɗan juyo, na harare ta, ta koma.

Sai Hussaina ta karkata kai. Ba wajen kwano ba, wajen ɗakin ƙurya, yadda yaro ke yi in an kira shi daga nesa bai tabbata ba. Ɗakin ba kowa, ni da kaina na share shi bayan an fita. Labulen na rataye, bai motsa ba. Ta daɗe a haka, bakinta a ɗan buɗe. Ban ji komai ba, Allah shi ne shaida.

"To," ta ce, a hankali.

Ta yi bismillah, ta gutsiri loma, ta dangwali miya, ta kai baki.

Ba wanda ya motsa a gidan. Ta ci gefenta a natse, loma bayan loma, har ta kai tsakiyar kwano, inda iyakarta take tun suna biyu. Nan ta tsaya, hannunta a sama, miya na ɗiga daga yatsu. Ta sake karkata kai wajen ɗakin. Sannan ta sa ɗaya hannun ta juya kwanon, gefen Hassana ya dawo gabanta, ta ci gaba da ci.

Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo jefi-jefi. Ba wanda ya tashi kwashe shanya. Ina jin ƙarar yatsunta a cikin kwano, ina kallon ɗigon na faɗawa cikin silifas ɗin Inna a bakin ƙofa.